Zaizayewar Ƙashin Muƙamuƙi: Kafin A Kai Ga Wuƙar Likita

Akwai wata gaɓa a jikin ɗan Adam wadda ba kasafai ake tunawa da ita ba sai ranar da ta ƙi aiki. Mai karatu, in ka ɗora yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki ka rufe, za ka ji wani ɗan ƙashi yana kaiwa yana komowa. To wannan ita ce gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma da ita muke tauna tuwo, da ita muke magana da karatu da dariya da hamma. Kan ƙashin yana zaune ne cikin wani ɗan gurbi, a tsakaninsu kuma akwai wani ɗan faifai na guringuntsi da ke hana su gugar juna. Lafiyayyen baki yakan buɗe ya ɗauki yatsu 3 a jere, wato kimanin milimita 35 zuwa 50 ke nan.

A shirye-shiryen kiwon lafiya da muke gabatarwa a gidan rediyo, tambayoyin baki da haƙori ba sa yankewa, kuma da zarar an ambaci kalmar aiki, wato tiyata, sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce Allah ya kiyaye, ba za a taɓa musu fuskar ɗiya da wuƙa ba, wasu kuma su shiga lissafin gonar da za a sayar a tafi Yamai ko Kano ko Tunis. Ni kuwa a nawa ra'ayin, duk ɓangarorin biyu sun tsallake tambaya mafi muhimmanci, wato wane ne zai ci gaba da duba maras lafiya bayan an sallame shi daga asibiti? Domin aikin gaɓar muƙamuƙi ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata, kuma aikin da ya fi dacewa da mutumin Maraɗi shi ne wanda za a iya bibiyarsa kusa da gida.

Bari mu fara da ita kanta cutar. Akwai wani ciwo da ke sa kan ƙashin nan ya riƙa zaizayewa a hankali, kamar yadda Gulbin Maraɗi ke cin gaɓarsa da damina, har ƙashin ya gajarce. Idan gefe biyu ne suka gajarce, sai muƙamuƙi ya juya baya, haɓa ta shige ciki, haƙoran gaba na sama da na ƙasa su daina haɗuwa, turame kaɗai ke taɓa juna. Yarinyar da da take gatsar rake da mangwaro sai a ga ta koma tana yanka komai ƙanana tana turawa ta gefe. Idan kuwa gefe ɗaya ne, fuska ce ke karkacewa. Wasu suna jin zafi da ƙara a gaban kunne da ciwon kai, wasu kuwa ba sa jin komai, hotunansu na shekarun baya ne kawai ke nuna yadda fuskar ta canza. Idan abin ya yi nisa, harshe yana matsawa baya tare da haɓa ya ƙuntata hanyar numfashi, sai a ji minshari mai tsanani da shaƙewa cikin barci.

Abin da likitocin duniya suka lura da shi shi ne, wannan ciwo ya fi kama mata, kusan 9 cikin kowane 10 na masu shi, kuma ya fi bayyana daga lokacin balaga zuwa shekara 30 da ƴan kai. Wannan ne ya sa ake zargin sinadaran jikin mace suna da hannu a ciki, wasu kuma suna ganin nauyin da ake ɗora wa gaɓar ne, kamar cizon haƙora cikin barci ko wani gyaran haƙori ko aikin muƙamuƙi da aka yi a baya. To amma har yau babu wanda ya kafa hujja a kan musabbabi guda, shi ya sa ma sunanta a littattafan likitoci yake nufin zaizayewar da ba a san dalilinta ba.

A nan ne matsalarmu ta farko take. A wurinmu, da an ce likita bai san dalili ba, sai a ce ai dama, jifa ne ko sammu ko iska. Yarinya tana shekarun da ake maganar aurenta, fuskarta tana canzawa, sai a fara kallon kishiyar uwa ko maƙwabciya, a yi ta yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, a yi tsaga, a yi hayaƙi, a kai wa maɗori ya murɗa muƙamuƙi. Ba na raina maɗori, domin kowa ya san irin taimakon da suke yi a inda babu asibiti, amma ƙashin da ya zaizaye ba targaɗe ba ne balle a ja shi ya koma. Rashin sanin musabbabi kuma ba ya nufin babu magani. Akwai cututtuka da yawa da ake shawo kansu alhali ba a gama gane tushensu ba.

Haka kuma likitan kirki ba ya cewa ba a san dalili ba sai ya bincika duk dalilan da aka sani ya ga babu ko ɗaya. Zai tambaya ko an taɓa faɗuwa a kan haɓa, domin bugun haɓa yana karya kan ƙashin can gaban kunne ba tare da an ga rauni a wurin ba, kuma duk wanda ya ga yadda ƴan kabu-kabu ke ɗaukar uwa da goyo da yara biyu a titunan Maraɗi babu hular kwano, ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Zai tambayi ciwon kunne mai zubar da mugunya tun ƙuruciya. Zai sa a yi gwajin jini don neman amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓoɓin mai ita, ya kuma tambayi sikila. Sannan zai tambayi magungunan da ake sha, kuma a nan ina roƙon ƴan'uwana mata su faɗi gaskiya, domin ƙwayoyin ƙiba irin su Dexa da ake saye a hannun ƴan talla suna raunana ƙashi idan aka daɗe ana sha. Bayan haka sai hoto: hoton da ke ɗauko baki gaba ɗaya, sannan sikana mai nuna ƙashi dalla-dalla, da IRM mai nuna faifan guringuntsin.

Tambaya ta biyu da hoto ke amsawa ita ce, cutar tana ci ne ko ta tsaya? Domin sau da yawa takan ci na wasu shekaru sannan ta lafa da kanta. Ana gane haka ne ta hanyar sake hoto bayan wata 6 ko shekara a gwada da na farko, ana kuma auna tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba. A wannan lokaci na jira akan ba da wata ƴar roba da ake sa wa a haƙora da dare don rage wa gaɓar nauyi, da maganin kumburi, da shawarar cin abinci mai laushi. Wasu a nan maganarsu ke ƙarewa, ba su bukatar wuƙa ko kaɗan, sai dai gyaran jerin haƙora. Saboda haka duk wanda ya kalli yarinya sau ɗaya ya yanka mata ranar aiki da farashi, a yi hattara da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan kuwa aiki ya zama dole, hanyoyin da ake da su sanannu ne, kuma ya kamata iyaye su san su kafin su zauna gaban likita. Mafi sauƙinsu shi ne wanke gaɓar da allura ko da ƴar siririyar na'ura mai kyamara. Wannan yana rage zafi da kumburi, amma ba ya mayar da ƙashin da ya tafi. Sai kuma mayar da faifan guringuntsi mazauninsa a ɗaure shi da wani ɗan ƙarfe da ake kafawa a kan ƙashin, hanyar da wani likita na birnin Dallas a Amurka, Larry Wolford, ya yi suna a kanta. Ita kuma tana bukatar a zo da wuri, tun faifan bai lalace ba kuma da sauran ƙashi mai kyau, alhali mu mun saba zuwa asibiti ne bayan an gama zagaye.

Hanya ta uku ita ce a bar gaɓar yadda take, a yanka muƙamuƙi a matso da shi gaba a ɗaure da faranti da kusoshi, don haƙora su haɗu fuska ta daidaita. Tana ba da kyakkyawan sakamako idan cutar ta mutu da gaske, amma idan da sauran wuta a ƙarƙashin toka, matso da muƙamuƙi yana ƙara wa gaɓar nauyi, zaizayewar ta dawo, haɓa ta sake komawa baya, an yi asarar kuɗi da wahala. Akwai kuma hanyar jan ƙashi, wadda ta samo asali daga aikin likitan Rasha Ilizarov a kan ƙashin ƙafa, aka fara amfani da ita a muƙamuƙi a birnin New York, inda aka wallafa sakamakon farko a 1992. Ana tsaga ƙashi a sa masa wani ƙarfe mai kusa, ana murɗawa kimanin milimita 1 kowace rana, sabon ƙashi yana tsirowa a tsakani. Hanya ce mai ban sha'awa, sai dai tana son mai jinya mai natsuwa da tsabta, da zuwa asibiti a kai a kai, da aiki na biyu don cire ƙarfen.

Sauran hanyoyi biyun su ne manya, kuma a kansu ne muhawarar take. Ta farko ita ce a cire kan ƙashin da ya lalace a maye gurbinsa da ƙashin haƙarƙarin maras lafiyan kansa, a ɗauko shi tare da ɗan guringuntsin da ke bakinsa, a kafa shi da kusoshi ya zama sabon kan gaɓa. Wannan tsohuwar dabara ce, tun 1920 likitan nan Harold Gillies ya bayyana ta a Ingila, kuma likitocin Boston irin su Leonard Kaban sun yi amfani da ita a kan wannan ciwo na zaizayewa. Amfaninta shi ne naman jikinka ne, jiki ba ya ƙin sa, ba a odar sa daga waje, kuma a jikin yaro yana iya girma tare da shi. Illarta kuma ba ɓoyayya ba ce: girman nasa ba shi da tabbas, wani ya wuce kima fuska ta karkace, wani ya ƙi girma, wani ma ya zaizaye ko ya manne da ƙoƙon kai baki ya kulle. Ga kuma rauni na biyu a ƙirji, da haɗarin huda rigar huhu wajen ɗauko ƙashin.

Ta biyun ita ce gaɓar ƙarfe ɗungurungum, wadda ake ƙerawa da titaniyom da wani gamin ƙarfe mai ƙarfi, gurbinta kuma da wata roba mai jure guga. Wasu ana ƙera su ne daidai da hoton sikana na mutum, kamar yadda tela ke auna riga. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da samfurin TMJ Concepts a 1999 da na Biomet a 2005, kuma binciken da ya bi masu ita har kusan shekara 20 ya nuna tana ɗorewa. Gaskiya ɗaya ce, a ƙasashen da suke da hali likitoci da yawa sun fi karkata gare ta ga babban mutum, domin ƙarfe ba ya zaizayewa, kuma ana fara motsa baki da wuri. To amma kuɗinta miliyoyin sefa ne masu yawa tun kafin a yi maganar jirgi da masauki, ba ta girma tare da yaro, kuma idan ƙwayar cuta ta shige ta, ko da daga ruɓaɓɓen haƙori ne, sau da yawa sai an cire ta, a yi magani, a sake ƙera wata. Yarinya ƴar shekara 18 da aka sa wa ita tana iya bukatar canji wata rana. A duk ayyukan nan biyu kuma akwai haɗarin taɓa jijiyar da ke motsa fuska, wadda ke ratsawa ta gaban kunne.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasar Turawa ya gama tsarkaka. A shekarun 1980 wani kamfani na jihar Texas mai suna Vitek ya sayar da wani faifan roba na Proplast-Teflon da aka sa wa dubban mutane a wannan gaɓa, mafi yawansu mata. Robar ta riƙa marmashewa a ciki, jiki ya tashi yaƙi da ɓarɓashinta har ya cinye ƙashin da aka je gyarawa. A 1990 kamfanin ya karye, hukumar FDA ta fitar da gargaɗi aka janye kayan, amma waɗanda aka riga aka sa wa sun sha aiki a kan aiki. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da hukumomi da lauyoyi, ina ga wanda ya sayar da gonarsa ta Jiratawa ya je wata ƙasa aka sa masa ƙarfen da bai san sunansa ba, ya dawo babu ko takardar da ke cewa ga abin da ke cikin fuskarsa?

Wannan ya kawo mu ga zancen bibiya. Kowace hanya aka bi, bayan aiki akwai watanni 6 zuwa shekara na motsa baki kullum, sau da yawa a rana, ana cusa ƴan katakon duba maƙogwaro tsakanin haƙora ana ƙara yawansu a hankali. Abu ne mai zafi, kuma babu yaron da zai yi shi don kansa idan babu mai tsaya masa. Akwai gyaran jerin haƙora, akwai sake hoto, akwai abinci mai gina jiki da za a iya sha ba tare da tauna ba, kunun gyaɗa da fura da nono da romo da zogale da aka daka. Idan aka yi sakaci da wannan, tabo yana ƙanƙancewa baki ya koma ya rufe.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba, domin yankinmu ya san kullewar muƙamuƙi ta wata hanyar, wato cutar Noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, tana kashe kusan 9 cikin 10 idan ba a yi magani ba, waɗanda suka tsira kuma da yawansu bakinsu a kulle yake. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992, a Sakkwato an buɗe asibiti musamman dominsu a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bisa bukatar da Najeriya ta gabatar. To wani bincike da aka wallafa a 2010 ya bi sawun waɗanda aka buɗe wa baki a Sakkwato bayan wasu shekaru, sai aka tarar ƙasa da rabinsu ne bakinsu ya ci gaba da buɗuwa fiye da yadda yake kafin aiki. Ƙwararru ne suka yi ayyukan nan, amma yaran sun koma ƙauyuka masu nisa inda babu mai sa su motsa baki. Noma daban, zaizayewar kan muƙamuƙi daban, amma gaɓar ɗaya ce, darasin kuma ɗaya ne.

Yanzu a duba halin da mutumin Tsibiri ko Jiratawa yake ciki. Ƙwararrun tiyatar fuska da muƙamuƙi ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma mafi yawansu suna Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Kano da Zariya suna da manyan asibitocin koyarwa masu wannan sashe kuma sun fi kusa, amma mun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Wanda ke da ranar komawa ganin likita a tsakanin nan yaya ya yi? Magidancin da ya iya haɗa kuɗin tafiya ɗaya, da wuya ya iya haɗa na tafiya 6 ko 8 a shekara, musamman idan ranar ta faɗo tsakiyar noma. Haka ma ayarin likitocin waje da ke zuwa su yi mako 2 su koma, Allah ya saka musu da alheri, amma ranar da ɗinki ya ɗuri ruwa ko baki ya fara rufewa suna can ƙasarsu.

Saboda haka a ganina, ga mafi yawan masu wannan lalura a jiharmu, musamman waɗanda ba su gama girma ba, tsari mafi hankali shi ne bincike na gaskiya, da jira har a san inda cutar ta dosa, sannan idan gaɓa ta lalace a yi dashen ƙashin haƙarƙari a nan gida, a hannun likitan da zai sake ganin maras lafiya bayan mako 2 da bayan shekara 2. Gaɓar ƙarfe kuma a ajiye ta ga waɗanda dashen ya ƙi, ko aka yi wa aiki sau da yawa, ko masu amosanin gaɓɓai, kuma su ma gara gwamnati ta sayo kayan a sa musu a cikin ƙasa da a tura su waje a manta da su. Wannan ra'ayi ne na ɗan jarida, hukuncin kowane maras lafiya yana hannun likitan da ya duba shi ya ga hotonsa.

Na san wani zai ce, Malam, yara suna mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa a Madarunfa da Gidan Rumji, kai kuma kana maganar ciwon da ba kowane likita ne ya taɓa gani ba. Maganarsa tana kan hanya, ciwon ba shi da yawa. Amma sashen da zai yi maganinsa shi ne dai zai ɗaure karayar muƙamuƙin ƴan babur, shi zai buɗe bakin yaron da Noma ko faɗuwa ta kulle, shi zai fasa kumburin haƙorin da ke gangarowa wuya ya kashe mutum cikin kwanaki, shi zai cire ƙarin da ke tsirowa a muƙamuƙi ya kai girman ƙwarya, shi zai ɗinke tsagaggen leɓen jariri. Duk wanda ya taɓa zama a harabar asibiti a Maraɗi ya ga irin waɗannan fuskoki a lulluɓe da gyale ko rawani. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, ba ƙaramar jama'a ba ce.

Kuma kada a ce ba zai yiwu a nan ba. A Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa, akwai asibitin kuturta da mishan ta SIM ta kafa tun shekarun 1950, kuma a 2012 aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a wurin, inda mata ke zuwa daga nesa a yi musu aiki mai wuya, su zauna har su warke, a koya musu sana'a kafin su koma gida. Idan aikin ƙwararru irin wannan ya zauna a Danja, me zai hana na muƙamuƙi zama a cikin birnin Maraɗi, mai babban asibitin ƙwararru da asibitin jiha da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wadda ke horar da likitoci?

Kirana ga ma'aikatar kiwon lafiya da hukumomin jiha shi ne a tabbatar da cikakken sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi a Maraɗi, mai likitoci mazauna aƙalla 2 don kada tafiyar ɗaya ta rufe ƙofa, da mai gyaran jerin haƙora, da mai gashi da motsa gaɓoɓi. A tanadi faranti da kusoshi, da na'urar nan mai kyamara da ake bi da ita ta hanci a sa bututun numfashi ga wanda bakinsa ba ya buɗuwa, domin ba tare da ita ba sa irin wannan mutum barci haɗari ne babba. A ware guraben ƙaro ilimi a wannan fanni ga ɗaliban jami'armu da sharaɗin su dawo su yi aiki a jiha. A kuma koya wa majo-majo na asibitocin CSI gwajin yatsu 3 da yadda ake sa ido a kan motsa baki, ta yadda yarinyar Tsibiri za ta yi bibiyarta a Tsibiri, sai lokaci-lokaci ta shigo birni. Ragin rabin kuɗin gwaji da hoto da tiyata da gwamnati ta yi a asibitocinta daga Satumba 2024 abin yabo ne, amma a tuna cewa kyautar magani da aka kafa tun 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce, masu wannan ciwo kuwa ƴan mata ne da suka wuce nan, kuma hoto ba ɗaya suke bukata ba.

Masu martaba iyayenmu, Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri, su ma suna da rawar takawa, domin wanzamai da maɗora da masu maganin gargajiya suna jin maganar fada fiye da ta kowane ofishi. A tara su a nuna musu alamun nan, a roƙe su da sun ga haɓa tana komawa baya ko baki ya ƙi buɗuwa su tura asibiti tun da wuri. Malamanmu kuma su ja kunne a kan zargin maƙwabta da kishiyoyi ba tare da hujja ba, wanda ke raba zumunci ya bar maras lafiya da ciwonta.

Ku kuma iyaye, idan kun lura da irin wannan canji a fuskar ɗiyarku, ku adana tsoffin hotunanta ku tafi da su wurin likita. Kada ku cire ta daga makaranta don ana yi mata dariya, kada kuma ku gaggauta yi mata aure don ɓoye lalura. Idan aka ce aiki, ku tambayi likita cikin ladabi: cutar ta tsaya ko tana ci? Wace hanya za a bi, kuma me ya sa ita ba wata ba? Aiki irin wannan nawa ya taɓa yi? Idan ƙarfe ne, mene ne sunansa da lambarsa, a rubuta muku a takarda. Sannan babbar tambayar, wa zai duba ta bayan mun koma gida, kuma sau nawa? Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, wanda kuma ya ji haushi ya riga ya ba ku amsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ba shugabanninmu ikon duba wannan kuka da idon rahama. Amin.